Abin da Ya Sa Ingila Ta Kwashe Yaranta Zuwa Karkara a 1939

Yau za mu leƙa tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, mu ga dalilin da ya sa gwamnatin Ingila ta raba yara da iyayensu ta kai su ƙauyuka.

Ran 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta auka wa ƙasar Poland, jiragen ƙasa suka fara jigila daga Landan, Manchester, Liverpool da sauran manyan birane. Cikin ƴan kwanaki an kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. Fiye da 800,000 daga cikinsu ƴan makaranta ne, sauran kuwa malamansu ne da mata masu ƙananan yara da masu juna biyu da naƙasassu. Kowane yaro an maƙala masa takarda mai sunansa a riga, ga kuma ɗan kwali a rataye mai abin rufe fuska saboda iska mai guba.

To, me ya kawo haka tun ba a jefa bam ko ɗaya ba?

Dalili na farko, sun taɓa ɗanɗanawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ran 13 ga Yuni 1917, jiragen Jamus sun jefa bam a wata makarantar firamare a unguwar Poplar ta Landan, yara 18 suka mutu. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan a Afrilun 1937 duniya ta ga yadda jiragen Jamus da na Italiya suka ragargaza garin Guernica na Sifen. Kowa ya gane cewa yaƙi mai zuwa zai iske mutane har cikin ɗakunansu.

Na biyu, birni shi ne abin hari. Can masana'antu suke, da tashoshin jiragen ruwa da na ƙasa, kuma gidajen talakawa ma'aikata a cunkushe suke dab da su. Bam ɗin da ya kuskure wa ma'aikata, a kan gidajen zai sauka. Shi ya sa aka kasa ƙasar kashi uku: inda za a kwashe mutane, inda za a karɓe su, da inda za a bari yadda yake.

Na uku, lissafin yaƙi. In yara suna nesa, asibitoci da ramukan fakewa za su samu sauƙi, uwa za ta iya zuwa aiki, uban da ke fagen daga kuma hankalinsa ya kwanta. Ba a tilasta wa iyaye ba, amma mai gidan da ke da ɗaki a ƙauye dole ne ya karɓa, ana biyansa sule 10 da sisi a mako kan yaro ɗaya.

Watanni suka wuce shiru, iyaye da yawa suka je suka ɗauko ƴaƴansu. Kwatsam ran 7 ga Satumba 1940 luguden wuta ya fara a Landan, dare 57 a jere. Kafin ƙarshen Mayun 1941 fararen hula fiye da 40,000 sun halaka a faɗin ƙasar, sai aka sake kwashe yara. Jamus da Japan ma sun yi irin haka da wuta ta iso garuruwansu, Finland kuwa ta tura yara wajen 70,000 galibi zuwa Sweden.

An ceci rayuka, wannan babu shakka, amma fa an biya farashi. Wasu yaran sun dace da gidan kirki, wasu an mai da su ƴan aikin gona. Masana irin su Anna Freud, waɗanda suka kula da yara a lokacin, sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro bisa ƙarar bam. Mutanen karkara kuma suka ga talaucin birni ido da ido: yara da ƙwarƙwata, wasu ba su da rigar canji. Wannan ya ƙara wa masu neman gyaran lafiya da ilimin yara ƙarfi bayan yaƙin.

Duk uwar da ta tsaya a tasha a ranar, zaɓi biyu ne gabanta, kowanne da ɗaci. Allah Ya raba mu da yaƙi, Ya tsare mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.