Float

Float kalma ce ta Turanci wadda asalin ma'anarta ita ce tsayawar abu a saman ruwa ba tare da ya nutse ba. Ana amfani da ita a matsayin aikatau da kuma suna. Ma'anarta ta faɗaɗa har ta shiga fannin kuɗi, haƙar ma'adinai, kwamfuta da kimiyyar harshe. Kishiyarta a Turanci ita ce sink, wato nutsewa.

Asali

Kalmar ta samo asali ne daga Tsohon Turanci, inda ake cewa flotian. Tana da dangi a sauran harsunan Jamusawa, kamar flota a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya da vlot a harshen Holan. Masana tarihin harsuna sun danganta su duka da saiwar pleu ta tsohon harshen Indo-Turai, mai nufin gudana. Daga wannan saiwa ne flow, flood da fleet suka fito. Kalmar afloat kuwa haɗi ce ta on da flote, ma'ana a bisa ruwa.

Furuci da nahawu

Kalmar gaɓa ɗaya ce, kuma tana farawa da baƙaƙe biyu a jere. Hausa ba ta fara kalma da haka, shi ya sa mai Hausa kan saka wasali a tsakani ya ce fulot, kamar yadda flour ta koma fulawa, brake ta koma birki. A karin harshen yamma, wanda ake yi a Anka, Gummi da Bukkuyum, harafin f yakan koma h ko hw, misali fita ta zama hita, fari ya zama hwari. Wannan yana iya shafar furucin kalmomin aro ma.

A matsayin aikatau, siffofinta su ne floats, floated da floating. Tana zuwa ba tare da karɓau ba, idan abu ne ya tsaya a kan ruwa da kansa. Tana kuma ɗaukar karɓau, idan wani ne ya sa abin a ruwa domin ya tafi da shi.

Ma'ana a Hausa

Fassararta a Hausa ta dogara ne da muhallin magana. Idan a ruwa ne, akan ce abu ya taso sama ko yana yawo a kan ruwa. Idan a iska ne, akan ce yana shawagi. Iyo ko ninƙaya daban ne, domin mai iyo yana motsa gaɓoɓinsa, alhali float ba ta buƙatar motsi. A matsayin suna tana nufin duk abin da ake ɗaura wa koma ko ƙugiya domin kada ta nutse, ko abin da mutum ke hawa ya riƙe shi a saman ruwa, irin gorar da masunta ke amfani da ita a bikin kamun kifi na Argungu.

A kimiyya

Masanin Girka Archimedes, wanda ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya bayyana dalilin da ke sa abu ya tsaya a kan ruwa. Ruwa yana tura abu sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Kwale-kwale yana tsayawa ne muddin nauyinsa da na kayansa bai wuce nauyin ruwan da cikinsa zai iya turewa ba. Idan lodi ya yi yawa, bakinsa yakan kusanci ruwa, igiyar ruwa kaɗan ta isa ta cika shi. Wannan batu ya shafi garuruwan bakin Gulbin Zamfara, inda ake fito da damina. A watan Satumbar 2024 wani kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife a ƙaramar hukumar Gummi, mutane da dama suka rasu.

A haƙar ma'adinai

Masana duwatsu suna kiran gutsuren dutsen da ya ɓalle daga jijiyarsa ya gangara wani wuri da sunan float. Masu neman zinare kan bi sawun irin waɗannan gutsattsari har su kai ga inda jijiyar take. Akwai kuma flotation, hanyar da manyan kamfanoni ke bi wajen tace ma'adinai, inda kumfa ke ɗauko ƙwayoyin ma'adini irin na dalma zuwa saman ruwa. Masu haƙar gargajiya a Anka da Bukkuyum nauyi suke dogaro da shi: zinare ya ninka ruwa nauyi kusan sau 19, don haka yakan kwanta a ƙasa idan aka wanke garin dutse. Niƙa dutse mai ɗauke da dalma a cikin gidaje shi ya jawo annobar gubar dalma ta shekarar 2010 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma, wadda ta kashe yara kimanin 400.

A harkar kuɗi

Idan aka ce ƙasa ta yi floating na kuɗinta, ana nufin babban banki ya daina yanke farashin canji, ya bar kasuwa ta yi halinta. Manyan kuɗaɗen duniya sun koma wannan tsari a shekarar 1973. Babban Bankin Najeriya ya sanar da irin wannan mataki a watan Yunin 2016, sannan ya sake yi ranar 14 ga Yunin 2023, lokacin da farashin dala a kasuwar hukuma ya tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da naira 600 a rana ɗaya. Masu sana'ar POS kuma suna kiran kuɗin da suke juyawa, na hannu da na cikin asusu, da wannan suna.

A kwamfuta da kimiyyar harshe

A harsunan shirya manhaja kamar C, Java da Python, float nau'in lamba ne mai ɗigo, irin 3.14. A kimiyyar harshe kuwa ana cewa floating tone ga karin sautin da ba shi da wasalin kansa, sai ya sauka a kan gaɓar da ke kusa da shi. Hausa tana da misalinsa a ɗafa-ƙeyar wa. A kalmar karanta, gaɓar ƙarshe tana da karin sama, amma a karantawa sai ta koma mai faɗuwa, saboda karin ƙasa da ɗafin ya zo da shi. Paul Newman ya yi bayanin wannan a littafinsa na nahawun Hausa da aka buga a shekarar 2000.