Jerin Haruffan "port" a Kalmomin Ingilishi da Tasirinsa ga Mai Koyo a Garwa, Arewacin Kamaru

Tsakure

Maƙalar ta nazarci kalmomin Ingilishi masu ɗauke da jerin haruffan "port" domin gano ko tarayyar haruffa tana nuna tarayyar ma'ana. An bi asalin kalmomin, aka kwatanta su da takwarorinsu na Faransanci da kuma waɗanda Hausa ta ara. An gano cewa jerin ya fito daga tushe daban-daban, don haka dogaro da kamannin rubutu kaɗai yakan ɓatar da ɗalibi.

1.0 Gabatarwa

Tun bayan haɗewar yankunan Kamaru biyu a 1961, Faransanci da Ingilishi ne harsunan hukuma, kuma wata doka ta Disamba 2019 ta sake jaddada daidaitonsu. A Garwa, hedikwatar Yankin Arewa, Fulfulde ne harshen hulɗa, ga kuma Hausa a kasuwa da unguwanni, yawancin yara kuwa da Faransanci suke fara karatun boko. Yaron unguwar Roumdé Adjia yakan tarar da Ingilishi ne bayan idonsa ya saba da rubutun Faransanci. Tambayar ita ce: yaushe wannan sabo yake taimakonsa, yaushe kuma yake yaudararsa?

2.0 Dabarun Bincike

An zaɓo kalmomi daga fannoni biyu da suka shafi rayuwar garin: sufuri, saboda tashar jiragen ruwa ta Kogin Binuwai da filin jirgin sama, da kuma ƙwallon ƙafa, saboda filin wasa na Roumdé Adjia, gidan ƙungiyar Coton Sport. An rarraba su bisa saiwa, ta amfani da nazarin ginin kalma.

3.0 Sakamako

3.1 Rabe-raben saiwa

Rukuni na farko ya fito daga aikatau na Latinanci "portare", wato ɗauka. A nan ɗafa-goshi ne ke juya ma'ana: "import" shigo da kaya, "export" fitar da su, "transport" jigila, "support" tallafa daga ƙasa, "report" kawo labari. Kalmar "sport" ma 'yar wannan gida ce, ta hanyar tsohon Faransanci "desport", kawar da hankali daga aiki zuwa nishaɗi, sai dai gaɓar farko ta zaizaye har asalin ya ɓoye.

Rukuni na biyu daga "portus" yake, mashigar jiragen ruwa: "port", "airport", "seaport". Na uku daga "porta", ƙofa, kamar "portal". Kalmar "porter" ta raba ƙafa: in daga "portare" ce tana nufin ɗan dako, in daga "porta" ce tana nufin mai tsaron ƙofa.

Rukuni na huɗu haɗuwar haruffa ce kawai. A "portrait", hoton mutum, rabon gaɓa "por" da "trait" ne, kuma saiwar tana nufin ja ko zana layi. Kama da wane ba wane ba ne.

3.2 Tarko tsakanin Faransanci da Ingilishi

Ingilishi ya kwashi ɗimbin kalmomin Faransanci bayan mamayar Normawa a 1066. Ƙididdigar Finkenstaedt da Wolff ta 1973 ta nuna kimanin kashi 28 cikin ɗari na kalmomin ƙamus daga Faransanci suke, kusan adadi ɗaya kuma daga Latinanci. Wannan riba ce ga ɗalibin Garwa: "transport" da "important" rubutunsu ɗaya, ma'anarsu ɗaya a harsunan biyu.

Amma akwai kalmomin da Koessler da Derocquigny suka kira abokan ƙarya a 1928. Gasar Cin Kofin Afirka ta 2021 misali ce. An ɗage ta zuwa Janairu 2022, kuma a filin Roumdé Adjia Najeriya ta ci Masar 1-0 ranar 11 ga watan. Ɗagewar ita ce "report" a jaridar Faransanci, alhali a jaridar Ingilishi "report" labarin wasan ne, wanda Faransanci zai kira "rapport" ko "reportage". Haka "supporter": a matsayin suna, magoyin baya ne a harsunan biyu, amma a matsayin aikatau na daidaitaccen Faransanci, jure wa abu yake nufi. Ɗalibin da ya rubuta "I cannot support the heat" yana nufin zafin watan Afrilu ya ishe shi, mai karatu kuwa zai ga kamar ya ƙi goyon bayan zafin ne.

3.3 Kalmomin da Hausa ta ara

Hausa ba ta da sautin "p" tsayayye, kuma ba ta son cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma. Saboda haka "passport" ta zama fasfo, "report" ta zama rahoto, Port Harcourt ta zama Fatakwal. Bahaushe ya riga ya mallaki waɗannan kalmomi, amma hausantarwa ta shafe jerin haruffan, shi ya sa ba ya ganin dangantakarsu sai an nuna masa.

4.0 Tattaunawa

Faransanci yana ba ɗalibi siffar kalma, wani lokaci da ma'anar da ba ita ba. Hausa tana ba shi ma'ana daidai, amma siffar ta sauya. Rahoto ta fi "report" ta Faransanci kusa da ma'anar Ingilishi, don haka harshen gida zai iya gyara kuskuren da harshen makaranta ya jawo.

5.0 Kammalawa

Ana ba da shawarar malaman Ingilishi a Garwa su koyar da kalmomi gida-gida bisa saiwa, ba bisa haruffa ba, su ware jadawali na abokan ƙarya, su kuma shigo da kalmomin aro na Hausa da Fulfulde cikin darasi. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, za ta iya auna wannan hanya a azuzuwa, ta faɗaɗa nazarin zuwa saiwoyi irin su "tract", "spect" da "dict".