Plus-que-parfait: yadda ake sarrafa aikatau a wannan lokaci na Faransanci

Plus-que-parfait lokaci ne na nahawun Faransanci da ke nuna aikin da ya riga ya ƙare kafin wani aiki ya faru a baya. Sunan ya samo asali daga Latin, ma'anarsa «abin da ya wuce kammalalle». Ɗalibai suna haɗuwa da shi a dictée da rédaction har zuwa BEPC da Bak, ma'aikata kuma suna buƙatarsa wajen rubuta rahoto.

Hausa ba ta da siga ta musamman don wannan lokaci. Kalmomi irin su «riga» da «kafin» ne ke yin aikin. «Lokacin da malami ya shiga, ɗalibai sun riga sun gama» a Faransanci shi ne: Quand le professeur est entré, les élèves avaient déjà fini. Gamawa ce ta fara faruwa, shi ya sa ita ce ke cikin plus-que-parfait.

Yadda ake gina shi

Abu biyu ake haɗawa: mataimakin aikatau, wato avoir ko être a imparfait, sai participe passé na aikatau ɗin. Gininsa ɗaya da na passé composé, bambancin kawai shi ne a can mataimakin yana présent.

Avoir: j'avais, tu avais, il avait, nous avions, vous aviez, ils avaient.
Être: j'étais, tu étais, il était, nous étions, vous étiez, ils étaient.

Participe passé na aikatau masu bin ƙa'ida yana da sauƙi. Na rukuni na 1, masu ƙarewa da -er, suna komawa -é: parler, parlé. Na rukuni na 2, irin su finir da choisir, suna komawa -i: fini, choisi. Akwai kuma wasu masu -re, kamar vendre da attendre, da ke komawa -u: vendu, attendu. Littattafan nahawu suna lissafa waɗannan a rukuni na 3, amma tsarinsu bai ɗaya ne.

Ga parler (yin magana) cikakke: j'avais parlé, tu avais parlé, il ko elle avait parlé, nous avions parlé, vous aviez parlé, ils ko elles avaient parlé. Mataimakin ne kaɗai ke canzawa.

Avoir ko être?

Mafi yawan aikatau da avoir suke tafiya. Être yana tafiya da wasu ƴan kaɗan masu nuna motsi ko zama, kamar arriver, entrer, rentrer, monter, tomber, rester da retourner, da kuma duk aikatau masu se, kamar se laver da se lever. Duk aikatau da ya ɗauki être a passé composé, shi zai ɗauka a nan.

Sai dai monter da rentrer suna komawa ga avoir idan akwai abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye. Elle était montée na nufin ta riga ta hau. Elle avait monté les sacs na nufin ta riga ta hau da buhuna.

Daidaita jinsi da adadi

A nan ne maki suka fi zubewa. Tare da être, participe yana bin mai aikin: il était arrivé, elle était arrivée, ils étaient arrivés, elles étaient arrivées. A baki duka ɗaya ake jin su, a takarda ne bambancin yake.

Tare da avoir, participe ba ya bin mai aikin: elles avaient parlé, ba a ƙara komai. Yana canzawa ne kawai idan abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye ya zo kafin aikatau. J'avais acheté les mangues, amma les mangues que j'avais achetées, haka ma je les avais achetées.

Masu se suna da nasu tarkon. Elle s'était lavée, ta wanke kanta, ana ƙara e. Elle s'était lavé les mains, ba a ƙarawa, domin hannuwa ne aka wanke, kuma sun zo bayan aikatau.

Korewa da tambaya

Ne da pas suna kewaye mataimakin: je n'avais pas parlé, elle n'était pas arrivée. Haka jamais da rien suke zama: il n'avait rien vendu. A tambaya kuma mataimakin ne ake juyawa: avais-tu fini?

Inda ake amfani da shi

Ban da jera aukuwar abubuwa, yana zuwa bayan si idan ana maganar abin da bai faru ba, ɗaya ɓangaren jimlar kuma yana conditionnel passé: si tu avais travaillé, tu aurais réussi, wato «da ka yi aiki, da ka ci jarrabawa». Si tu aurais travaillé kuskure ne, ko da ana jin sa a bakin mutane. Yana zuwa kuma idan ana ruwaito maganar wani: «j'ai payé» yana zama il a dit qu'il avait payé.

Kura-kuran da suka fi yawa

Avais, avait da avaient lafazinsu ɗaya, don haka sai an duba mai aikin kafin a rubuta. Haka -é da -er. Dabarar da malamai suka daɗe suna koyarwa ita ce a sauya aikatau ɗin da vendre: idan vendu ya dace, -é ne, idan vendre ya dace, -er ne. Ana cewa il avait vendu, saboda haka il avait parlé ake rubutawa.