Mene ne gwajin adadi a manhaja?

Gwajin adadi gajeren umarni ne da mai rubuta manhaja ke tsarawa domin tabbatar da cewa jerin bayanai ya cika, ba ragi ba ƙari. A harshen Java akan yi shi da JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka ƙirƙiro a 1997.

Alal misali, Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye a Kano na da mazaɓu 13. Idan manhajar tattara sakamakon zaɓe ta kawo 12, gwajin zai bankaɗo giɓin tun kafin a fara aiki da ita.

Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta wadatarwa: in aka maimaita Jakara aka tsallake Yakasai, jimla na nan 13. Shi ya sa akan haɗa da tantance sunaye.