Raha: Hutun da Ya Koma Dariya

Kalmar raha daga Larabci muka aro ta, kuma a can ma'anarta hutu ne da samun sauƙi bayan wahala. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta koma hirar da ake yi ana dariya, har a ce wane mai raha ne. Ma'anar ba ta yi nisa da gida ba, domin manomin da ya wuni a gonar gero, in ya zauna dandali da dare ana barkwanci, hutun nan ne yake samu.

Wasu na cewa raha da ba'a duk ɗaya ne, tunda duka dariya ake yi. Sam! Ba'a tana da wanda ake ci wa fuska, a raha kuwa mai faɗa da wanda aka faɗa wa tare suke darawa. Dubi Babarbare da Bafulatani a kasuwar Magariya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma ba mai fushi. Wannan wasan dangi na Nijar ne UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun bil'adama a 2014. Wanda zolayarsa ta sa wani sunkuyar da kai, kada ya kira ta raha.