Comet: Jirgin Da Ƙarfensa Ya Gaji A Sama

Comet shi ne jirgin fasinja mai injin jet da ya fara jigila a duniya. Kamfanin de Havilland na Ingila ne ya ƙera shi, ya soma aiki a 1952 tsakanin Landan da Johannesburg.

A 1954 guda biyu suka tarwatse a sama bayan tashi daga Roma: mutum 35 a Janairu, 21 a Afrilu, ba wanda ya tsira. Masu bincike suka tsunduma gangar wani Comet cikin tankin ruwa, suna ta ɗura masa ruwa suna sassautawa har ya tsage. Ashe iskar da ake cusa wa jirgi duk tashi ce ke gajiyar da ƙarfen, tsagar kuma daga kusurwar taga take farawa.

Ya dawo a 1958 da tagogi masu zagaye, amma ina, Boeing 707 ya kwashe kasuwar.