Telemakus: Yadda Ɗan Sarkin Itaka Ya Zama Namiji

A tatsuniyoyin Girkawan dauri, sunan Odisiyus ne ya fi tashe, wato sarkin tsibirin Itaka, mai dabarar dokin katakon da ya karya birnin Taroyi. Sai dai doguwar waƙar Odisi, wadda ake jingina wa Homa, ake kuma kyautata zaton an tsara ta wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ware babi huɗun farko cikin 24 ga ɗansa, Telemakus.

Yana jinjiri uban ya tafi yaƙi. Shekara 10 ana gwabzawa, wasu 10 kuma Odisiyus yana gararamba a teku. Da mutane suka fid da rai, sai manema 108 suka tare a fada, kowa na son auren sarauniya Fenelofi, mahaifiyar Telemakus. Kullum a yanka dabbobin gidan, a ci a sha, ba mai tsawatawa. Fenelofi ta ce sai ta gama saƙa likkafanin surukinta Layertis za ta zaɓi miji. Ta saƙa da rana, ta warware da dare, har shekara uku, kafin wata kuyanga ta tona asirinta.

A haka Telemakus ya tashi, ga gidan uba amma ba ikon faɗa a ji. Atina, abar bautar da Girkawa ke danganta wa hikima, ta zo masa a siffar baƙo ta zaburar da shi. Ya kira taron gari, irin wanda ba a yi ba tun tafiyar mahaifinsa. Ya kai kukansa, ya jefar da sandar magana a ƙasa, hawaye suka zubo masa. Antinowus, jagoran manema, ya ɗora laifin kan uwarsa, aka watse ba a tsinana komai ba.

Da dare ya sulale a jirgin ruwa da matuƙa 20, bayan ya rantsar da tsohuwar da ta rene shi, Yurikiliya, kada ta gaya wa mahaifiyarsa. A Filos ya ga dattijo Nesto, ya koyi yadda ake magana a gaban manya. A Siparta kuwa, sarki Menelawus ya shaida masa cewa Odisiyus na raye, wata mai suna Kalifso ce ke tsare da shi a tsibirinta. Manema sun yi masa kwanton ɓauna a hanyar dawowa, ya kuɓuta, ya sauka a bukkar Yumayus makiyayin aladu. A nan wani almajiri mai tsummoki ya bayyana masa cewa shi ne ubansa.

Wurin da girman yaron ya fito fili shi ne gasar baka. Fenelofi ta ce wanda ya ɗaura tsirkiyar bakan mijinta, ya harba kibiya ta ratsa gatura 12, shi za ta aura. Telemakus ya gwada sau uku ya kasa. A na huɗu yana gab da ɗaurawa, sai uban, wanda ke wurin cikin shigar almajiri, ya kaɗa masa kai, shi kuwa ya ajiye bakan ya bar shirinsu a kan manema ya tafi daidai. Ƙarfin ya zo masa, amma ya iya danne shi. Da faɗa ya kaure tsakaninsu da manema, maneman suka sami makamai, bai ɓoye ba, ya ce shi ya bar ƙofar ɗakin makaman a buɗe. Ya kuma roƙa aka bar mawaƙi Femiyus da sanƙira Medon da ransu. Amma hannunsa bai fita fes ba, don shi ya rataye kuyangi 12 da suka haɗa kai da manema.

Labarin bai tsaya a Girka ba. A 1699 aka buga littafin Fenelon, malamin jikan sarki Luwi na 14 na Faransa, wanda ya mai da tafiyar Telemakus darasin mulki ga yarima. Malamin Misira Rifa'a al-Ɗahɗawi ya fassara shi zuwa Larabci lokacin zamansa a Khartum, aka buga a Beirut a 1867. Abin da ya ja hankalin malaman biyu shi ne tarbiyyar magaji, domin gadon sarauta kowa na iya samu, amma riƙe ta sai wanda aka hora.